Tari a Cikin Mataccen Rediyo

"...da ban gajiya, Amarya. Ya ƙafar?"

"Ƙafa tana nan inda ka bar ta. Kai ne dai ka fita da buhu ka dawo hannu yana dukan cinya."

Dogo ya tsaya a bakin ƙofar falo yana karkaɗe ruwa daga rigarsa. Kakarsa ce ta laƙaba masa wannan suna tun yana yaro, saboda duk cikin jikokinta babu wanda ya kai shi gajarta. Yanzu ya haura talatin, sana'arsa gyaran lif, na'urar hawa da sauka a dogayen benaye, kuma a ɗakin sama na gidanta yake zaune.

Tun da guguwa ta ratsa garin babu wutar lantarki, babu layin tarho. Ƙanwarsa Auta ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti a tsibiri, kuma tun ranar ba wanda ya ji ɗuriyarta. Hanya ɗaya ta rage. Dogo yana da rediyo irin na masu sha'awa, wanda mutum yake magana ta cikinsa a amsa masa daga nesa, kuma mai tsaron hasumiyar jiragen ruwa a tsibirin yana da irinsa, yakan hau iska da yamma. Guguwar ta tsinke eriyar Dogo, sai ya ja wata sabuwar waya daga tagarsa zuwa bishiyar bayan gida. Tun da ya ɗaura ta bai samu kowa ba.

Kaka ta taɓa buhun da sandarta. "Ina ƙarin wayar da ka je saye?"

"An wawashe shaguna, kowa gyara yake. Ko ta shanya ban samu ba."

"Ko dai sun ga tsayinka sun ce ka je ka turo babba."

"Ke suka tambaya ma. Suka ce tsohuwar nan da aka gina kasuwa a gabanta tana nan kuwa? Na ce tana nan daram, haƙoranta ne kawai suka riga mu gidan gaskiya."

"Huɗun da suka rage sun fi naka aiki. Naka ban da dariyar banza me suke yi?"

"Na ji. Ba ni makullin sito, tsani nake so."

"Kai da sana'arka hawa sama ba da ƙafa ba, me ya haɗa ka da tsani?"

"Tunda ban samu ta ƙari ba, rage wayar zan yi."

"Ba za a taɓa ta ba."

Ta faɗi haka ne ba tare da ta dube shi ba. Dogo ya ɗauka cikin wasan ne, ya jawo kujera ya zauna.

"Tsaya ki ji, 'yar tsohuwa. Wayar da na ɗaura mita ashirin ce cif."

"Ashirin ai lamba ce mai kyau. Ina 'yar ashirin maza kwata suke faɗawa garin kallona."

"Lokacin ba a ƙirƙiro kwata ba. Zangon da mai hasumiyar nan yake hawa, mita arba'in ne. Ashirin kuwa rabinsa ce daidai. In waya irin wannan ta faɗa kan rabi, sai ta toshe baki, ta ƙi karɓar abin da rediyo ya tura mata. Kin san ɗan akwatin nan da na sa tsakaninsu?"

"Mai zazzaɓi? Wanda haƙoransa suke ƙas-ƙas-ƙas a kan rufina?"

"Shi. Aikinsa ya sasanta rediyo da waya da kansa. Yana gwada wannan yana gwada wancan, in ya samu daidai sai ya yi shiru. To wannan tsawon ya fi ƙarfinsa, shi ya sa ba ya shiru. In na ƙara mata kamar mita ɗaya da rabi, shi ne ya fi. In na rage kamar biyu, zai karɓa, sai dai ba yadda nake so ba."

"Watau da duk bokonka, tsawon da bai kamata ba shi kaɗai ka zaɓa."

"Ruwa yana dukana na auna."

"Da a inuwa ka auna ma haka ne. Kan ne."

"Kan naku ne, gado na yi. Makulli."

"Na ce ba za a taɓa ta ba. Ba ragi, ba ƙari."

Sai a lokacin ya dube ta da kyau. Zanen da ke jikinta na fita ne, wanda ba ta ɗaurawa sai da dalili. Ta sa kwalli. Ƙamshin turare yana tashi daga gyalenta. Kujerar da kullum take fuskantar titi, yau ta juya ta tana kallon ƙofar uwar ɗaki. Ya tuna jiya da yamma ma da ya sauko shan ruwa bai same ta a falo ba, ƙofar kuma a rufe.

"Amarya, wa ake wa wannan kwalliya?"

"Ba kai ba."

"Na shiga uku, an yi mini ƙwace ina gida. Waye shi? Mai gadin layi? Wanda ido ɗaya ya rage masa?"

"Ba ƙwace ba ne. Mai abu ne ya dawo."

Dogo ya yi dariya. Da ya ga shi kaɗai yake yi, sai ya bari.

"Kakanku," in ji ta. "Rediyonsa yana magana."

"Rediyon da ya mutu tun kafin shi?"

"Tun ranar da ka ɗaura wayar nan. Da yamma ta yi, mai zazzaɓinka ya fara kaɗa haƙora, sai in ji shi."

Dogo ya saki numfashi, ya jingina. "Allah ya jiƙan Kaka namiji, amma wannan ni ne. Ƙarfin da na tura in ya rasa hanyar fita ta waya, gida yake komowa. Duk ƙarfen da ya samu shiga yake. Dubi leɓena, makirufo ne ya ƙona ni jiya."

"Na ɗauka ƙarya ce ta yi maka yawa ta fito waje."

"Muryata ce take biyo bango ta faɗa tsohon akwatin nan. Kowa ma cewa yake muryata irin tasa ce."

"Kowa bai yi shekara hamsin yana jin ta a kunne ɗaya ba. Taka kamar an taka wutsiyar ɗan akuya. Tasa in ya yi gyaran murya a tasha, jirgin ƙasa ma sai ya nutsu."

"Shi yake tuƙa jirgin, dole ya nutsu."

"Ka ga? Kai ko lif sai ka lallaɓa shi."

Ya duba taga. Hasken yana raguwa, gajimare ya sauko har kan rufin maƙwabta. In mai hasumiya ya hau ya sauka, sai kuma gobe.

"Kaka," ya ce, kuma ba kasafai yake kiranta haka ba. "Auta fa."

Ta juyo da sauri. "Kana ganin na manta da Auta? A bayana ta yi wayo. Kai kana sama kana ihu cikin ƙarfe ba mai amsa maka. Ni nawa yana amsawa. In yarinyar nan tana wajensu, ai shi zai sani."

Dogo ya dubi ƙofar uwar ɗakin. Ashe abin da take shiga ɗaki tana jira ke nan, ita kaɗai, da kwallinta.

"To me ya ce?"

"Bai ce ba tukuna. Ka san shi da jan rai. Sai ya yi tari, ya gyara murya, kafin ya fara sai kai ka kashe naka a sama."

"Shi ke nan, mu yi sharaɗi. Da zan fita na kashe rediyona, na zare fis daga wayar batir, ga shi nan a aljihuna." Ya fito da shi ya nuna mata, ɗan abu bai kai yatsa ba. "Ba wuta ko ɗigo a sama. Mu shiga tare. In ya yi magana, na bar miki wayarki. In shiru, makulli."

"In ya yi magana kada ka jiƙa mini shimfiɗa."

"In bai yi ba ki goge kwallin nan, kina tsorata kaji."

Uwar ɗakin tana warin kafur da tsofaffin tufafi. Gadon ƙarfe ne a gefe ɗaya, ƙaton kabad a ɗaya gefen. Rediyon yana kan tebur a jikin kabad ɗin, akwatin katako mai fuskar yadi, da gilashi mai sunayen garuruwa da suka koɗe. An naɗe igiyar filoginsa a jikinsa, ɓera ma ya cinye rabinta. Ta taga ana hango wayar Dogo ta ratsa tsakar gida, ɗigon ruwa ya jeru a jikinta.

Kaka ta zauna a bakin gado ta gyara gyale. Dogo ya tsaya.

"Cire hannu daga aljihu, kana gaban manya."

"Manyan ba su iso ba. Ko sun tsaya shan mai?"

"Yi shiru."

Suka kasa kunne. Ruwa yana ɗiga daga indararo. Can wani titi kare ya yi haushi ya bari. Dogo ya fara shirya abin da zai ce mata, yadda ba za ta ji kunya sosai ba. Idonsa ya koma kan taga, sai ya ga ɗigon ruwan da ke jikin wayar suna zuba ɗaya bayan ɗaya, daga wajen bishiya zuwa wajen gida. Ganyen bishiyar ko motsi ba ya yi.

Daga sama, daidai kan rufin ɗakin, aka fara: ƙas-ƙas-ƙas-ƙas.

Dogo ya mai da hannu aljihu. Fis ɗin yana nan, ya damƙe shi har ya ji zafinsa a tafin hannu.

"Ka ce ka kashe," in ji Kaka a hankali.

"Na kashe."

Akwatin ya ci gaba da kaɗa haƙora, yana sauri yana sassautawa, yana nema. Sai ya yi ƙas ɗaya mai ƙarfi ya tsaya. Tun da Dogo ya ɗaura wayar bai taɓa jin ya tsaya haka ba. Irin shirun da yake yi ne in ya samu daidai.

Fuskar yadin tsohon rediyon ta fara huci, siriri, kamar mutum yana numfashi ta hanci. Aka yi tari sau biyu a jere, na biyun ya fi na farko nauyi, sannan aka gyara murya. Dogo ya san tarin nan. Yana yaro, da shi yake gane kakansa ya shigo layi tun kafin ya ji takunsa. Ya dafa ƙarfen gado.

Muryar ta kira wani ɗan gajeren suna, wanda Dogo bai taɓa jin an kira kowa da shi a gidan ba.

"Na'am," in ji Kaka, da wata murya ta yarinya.

"Taso."

Ta matsa gaba kaɗan. "Auta tana wajenku?"

Huci kawai.

"Tambayarka na yi. Yarinyar nan, ka gan ta?"

"Taso."

Dogo ya ga ƙafarta mai ciwo tana laluben takalmi a ƙasa. Ta samu ɗaya ta zura. Hannunta ya kai kan sanda. Idonta yana kan rediyon, ba ta ƙiftawa, fuskarta ta yi wani laushi da bai taɓa gani ba. Ya kama wuyan hannunta, ya ji shi sanyi ƙalau. Ya nemi addu'a, duk wadda ya iya ta gudu daga kansa. Abin da bakinsa ya saba shi kaɗai ya zo.

"Malam, ka yi haƙuri," ya ce wa akwatin. "Matar nan tana da miji. Ni nake fama da ita. Ni nake sayo mata man zafi. Kai da ka san ta tana da haƙora, ka bar ta haka, ba za ka so abin da za ka gani ba."

Kaka ta juyo a hankali ta dube shi, kamar wadda aka tasa daga barci. Ta dubi hannunsa a kan nata. Ta dubi takalmi ɗaya a ƙafarta.

"Sake ni, kana karya mini ƙashi."

"Ba zan saki ba."

"Jarumi. Ji yadda kake kaɗawa, kai da akwatinka ba a san mai zazzaɓi ba."

"Taso," in ji rediyon.

Ta zare ƙafarta daga takalmin. Ta jima tana kallon fuskar yadin, sannan ta yi ƙwafa.

"Ka ji shi ko? Shekara hamsin, ban taɓa tambayarsa abu ya amsa abin da na tambaya ba. Amma labari ba ya kwana a cikinsa. Mutumin da ko ɗan tsakon maƙwabta ya mutu sai ya riga masu shi faɗa. Da Auta tana can, da tun kafin ya yi tari ya gaya mini." Ta ɗaga murya kaɗan, yadda ake yi wa mai nauyin kunne. "Ba yanzu ba. Ina da yarinya a tsakiyar ruwa. In lokaci ya yi ba sai an turo ka ba."

Hucin bai tsaya ba.

"Dogo, ja kabad ɗin nan."

Ya sa kafaɗa ya tura. A bayansa, cikin yanar gizo da ƙura, wata jar waya ta fito daga bayan rediyon ta hau bango, an naɗe ta a kan ƙusoshi har kusa da silin.

"Eriyarsa ce. Da hannunsa ya kafa ta. Za ta ishe ka?"

"Har ta yi yawa."

"Cire."

Ya warware ta daga ƙusoshin. Da ya kama gindinta zai fizge, sai ya ji ta da ɗumi, irin ɗumin hannun mutum. Ya rufe ido ya ja. Hucin ya yanke nan take, ɗakin ya koma ɗaki, da warin kafur da ɗigar indararo.

Kaka ta kwance bakin zanenta ta miƙa masa makulli. "Yi sauri, rana ba ta jiran gajere."

Ya hau tsani yana waiwaye. Ya auna mita ɗaya da rabi, wannan karon sau biyu, ya yanka, ya kankare bakin wayoyin ya murɗe su tare. Ya ruga sama ya mai da fis. Da ya danna, akwatin ya yi ƙas-ƙas sau biyu ko uku ya yi shiru. Ya faɗi lambar kiransa, ya sake faɗa. A na uku wata murya mai gajiya ta taso daga cikin shuuu, mai hasumiya ne.

Rufin asibiti ya tafi, in ji shi, amma ba a rasa kowa ba. Ma'aikatan suna makaranta da majinyatansu. Akwai wata 'yar jinya mai faɗan tsiya da take zuwa hasumiya kullum tana tambaya ko an ji wani gajere mai gyaran lif, har ta bar saƙo.

Da ya fito, ya tarar da Kaka a tsakiyar matakala, ta hau rabi da ƙafar da ta yi shekaru ba ta hau ba, tana riƙe da ƙarfe tana haki.

"Tana lafiya," ya ce. "Duk suna lafiya."

Ta zauna a kan matakalar. Ta ja gyale ta rufe fuska, kafaɗunta suna motsi. Ya zauna a matakin da ke sama da nata har ta sauke gyalen. Kwallin ya gangaro mata har haɓa.

"Ta ce a gaya wa tsohuwa kada ta kuskura ta mutu kafin ta dawo, akwai zagin da take bin ta," in ji Dogo.

"Mara kunya. Duk ku ɗaya ne." Ta share hanci. "To wa ya ci sharaɗi?"

"Ke kika ci."

"Faɗa da ƙarfi, kunnena ya tsufa."

"Ke kika ci, Amarya. Ya yi magana." Ya miƙa mata ragowar jar wayar a naɗe. "Ga sauran. Mai da shi inda yake."

Ta ture hannunsa da bayan nata. "Riƙe. Kyauta na ba ka, da ita da mai ita. Yanzu ai tagarka take shiga, ba tawa ba. In ya yi tari a ɗakinka, ka ce masa na fita unguwa."

Dogo ya ɗaga kai ya dubi ƙofar ɗakinsa, a buɗe, duhu ya fara taruwa a ciki. Ya sauko mataki ɗaya ya matso kusa da ita.

"Ina ganin yau a falo zan kwana. Saboda ke, kada ki ji tsoro."

Kaka ta fashe da dariya har sai da haƙoranta huɗu suka bayyana, tana dukan cinyarsa da tafin hannu.

"Zo ka kama ni mu sauka, mijin kirki. Zan ba ka bargo, in bar maka fitila a kunne."